Wanda Ya Miƙo Mini Zane

Ana saura kwana tara a yi zaɓen kwansaye, wato kansiloli, wata farar mota ta shigo ƙauyenmu ta hanyar Hawandawaki. Na bar surfe na leƙa. Sufyan ne, ɗan aiken wani kamfanin riɗi da ke Tasawa, ya kawo dila biyu na atamfa.

Kowa ya san abin da kamfanin yake so. Filin gabas yake so, inda mata muke da gamana, ƴan gonakin da muke shuka wake da yakuwa. Tawa ma tana can, daga hannun uwata na same ta. In Alhaji Ƙadri, ɗan takarar da kamfanin ya tsaya wa, ya shiga majalisa, an gama maganar filin. Mai ja da shi Malam Rayyanu ne, wanda ya koya mana karatu a lakwal, makarantar boko, kuma ko babur ba shi da shi.

Aka tara mu ƙofar gidan Inna Zuhura, shugabar mata. Sufyan ya fito da Alƙur'ani, ya ce sai an rantse kafin a ga zane. Ya hana a ambaci sunan kowa, wai yanzu yara na naɗar murya a waya. Don haka kowace mace ta ce: "Na rantse zan dangwala wa wanda ya miƙo mini wannan zane." Ni ma na faɗa. Ya bar dilolin a ɗakin Inna, ya ce ranar Juma'a Alhaji zai zo ya raba da hannunsa.

Motar ta tafi. Ni ba na magana cikin taro, sai da aka watse na matsa kusa da Inna ina murɗa bakin mayafina. Na ce ai ba mu kira sunan Alhaji ba, wanda ya miƙo muka ce.

Ta dube ni, ta sake dubana, sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Ke ɗiyar nan, ashe shirunki ba banza ba."

Washegari da hantsi aka kira Malam Rayyanu zauren Inna. Da farko ya ƙi, ya ce kayan ba nasa ba ne. Inna ta ce kayan mata ne, an riga an ba mu, hannunsa kawai muke aro. Haka ya tsaya yana gumi yana miƙa wa mata sittin da huɗu zane ɗaya ɗaya, tsofaffi na tsokanarsa wai yau malam ya zama attajiri.

Ranar Juma'a Alhaji ya iso da makaɗa, ya tarar da mu duka cikin atamfarsa. Ya ji daɗi, har ya ɗaga mana hannu. Sufyan ne ya ja Inna gefe yana tambayar wa ya raba. Ta ce masa ya kwantar da hankali, ba wadda za ta karya rantsuwa.

Ranar Lahadi, ranar zaɓe, da la'asar aka ƙirga ƙuri'u a ajinmu na dā, muna leƙe ta taga. Duk takardar da aka buɗe aka kira jam'iyyar Malam, sai Inna ta matse mini hannu. Kafin a kai ƙarshe guɗa ta tashi, ni ma na ji tawa a ciki.

Da damina ta faɗi na shuka wake a gamanata, ɗaure da zanen.