Nauyin Yaya

Idan mutum ya rasu, har yaushe ya kamata a ci gaba da bar masa wurin zamansa? Kafinta ya sha juya wannan tambaya a ransa yana goge katako, bai samu amsar da ta zauna masa ba. Mai ba da labarin nan ma bai samu ba.

Wurin zaman da ake magana a kai, bayan babur ne. Yayansa tela ne, ƙaton mutum, irin wanda idan ya zauna a benci sai na ɗaya gefen ya dafa bango. Gwiwarsa ta dama ta daɗe da daina ɗaukarsa, don haka kullum da safe Kafinta ke goya shi zuwa shago, da yamma ya ɗauko shi. Gida ɗaya suke, ƙofa na kallon ƙofa. Matar Yaya ta riga shi tafiya, 'ya'yansa sun watsu a wasu garuruwa, shi kuwa Kafinta aure bai taɓa zauna masa ba.

Saboda nauyin Yaya aka shirya babur ɗin. Dogo bakanike ne ya yi aikin. Ya murɗa zoben da ke ƙarƙashin sifirin na shokazoban baya har matakin ƙarshe, don kada babur ya durƙusa. Ya sa masa taya mai tauri ta ɗaukar kaya, ya cika ta da iska.

A hanyarsu akwai wata kwana bayan gada, mai gangara, kwaltarta duk ta yi tudu-tudu. Da farko Yaya tsoronta yake ji. Babur na kwantawa hagu, shi yana karkata dama.

"Yaya, ka bi ni mana. Ka daina kokawa da babur."

"Ni zan bi ka? Wa ya goya wani yana majina?"

A hankali dai ya koya. Idan sun doshi kwanar sai ya ɗora hannu a kafaɗar ƙaninsa, su kwanta tare su miƙe tare, tayar baya ta manne da kwalta kamar an ɗinke ta. Yaya ya riƙa cewa ai shi ke tuƙin, Kafinta riƙe kai kawai yake yi.

Bayan rasuwarsa babur ya canza hali. Ƙaramin rami sai ya cilla Kafinta sama. A kwanar gada kuwa bayan babur ya riƙa tsalle, tayar tana barin ƙasa tana dawowa, yana jin ana jan shi waje, zuwa hannun motocin da ke tahowa. Ya rage gudu, abin bai daina ba.

Ya kai wa Dogo, ya ce ya duba masa birki.

Dogo bai ko kalli birki ba. Ya danna kujerar baya da hannu biyu, babur ya ƙi nutsewa.

"Birkinka lafiya lau. Babur ɗin ne ke jiran mutum biyu, kai kuma ko rabin mutum ba ka cika ba. Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci."

"Ƙurar katako kake ci." Ya tsuguna ya shafa tayar baya. "Dubi nan. Tsakiyarta ta cinye ta zama shimfiɗaɗɗiya kamar allon guga, gefenta ya yi kaifi. Za ka kwantar da babur ya ƙi, ka matsa masa ya faɗa maka gaba ɗaya. Mu sassauta zoben nan, mu sa taya mai laushi mai zagayayyen baya, mu rage iska. Kwanar nan za ka sha ta kamar ruwa."

Ya miƙa hannu zai ɗauki sifana. Kafinta ya riga shi, ya take ta da ƙafa.

"Bar shi yadda yake."

"Don me?"

"Wata rana zan ɗauki wani."

Dogo ya ɗaga kai ya dube shi. Ya san babu wani, Kafinta ma ya san ya sani. Ya goge hannu a tsumma ya ce, "To Allah ya kiyaye hanya."

A gida Kafinta ya zauna a bakin ƙofarsa yana kallon ta Yaya. Tabarma an naɗe, keken ɗinki an kai wa babbar 'yarsa, tufafi an rabar. Duk wannan bai dame shi ba, don ba da hannunsa aka yi ba. Zoben nan kaɗai ya rage a duniya da ke riƙe da ma'aunin jikin Yaya. Idan ya murɗa shi baya, shi ne da kansa ya ce wa mutumin ya sauka. Amma kuma rai amana ne, ya san wannan, kuma kwanar gada ba ta san zumunci ba. Ya rasa wace amanar ce ta fi nauyi.

Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar mutumin da ba shi da abokin shawara. Tunda nauyi babur ke nema, a ba shi nauyi. Ya cika buhu da yashi, ya ɗaure bakinsa, ya ɗora a kujerar baya ya zagaye shi da roba.

Abin ya yi aiki, ko kuma ya yi kamar ya yi. Babur ya nutse, tsallen ya ragu. Masu shaguna a layinsu suka fara tambayarsa ko gini ya soma. Ya ce musu eh. Da yamma yakan bi ta gaban tsohon shagon Yaya, wanda yanzu mai gyaran waya ke ciki, ya rage gudu, sannan ya tuna ya wuce. Wani lokaci yakan ji kansa yana ba buhun labarin mai gidan da ya ce a rage wa gado tsawo bayan an gama haɗa shi.

Ranar da abin ya faru an yi yayyafi da rana. Ya doshi kwanar, kafaɗarsa ta hagu tana jiran hannu. Ya kwantar da babur. Yashin ya zube gefe guda a cikin buhun, robar ta saki, nauyin ya tafi inda ya ga dama. Tayar ta hau kaifinta ta sulluɓe. Ya ji kansa yana jan ƙasa, babur a gabansa yana tartsatsi, har babur ɗin ya daki bakin kwalbati. Wata motar kaya ta kauce masa da ƙyar, direban ya leƙo ya zage shi ya wuce.

Ya tashi zaune. Gwiwar hannunsa ta ɗaye, wandonsa ya yage, gwiwar ƙafarsa ɗaya ta ƙuje. Buhun ya fashe a tsakiyar titi, motoci suna bi ta kan yashin suna watsa shi. Ya daɗe yana kallo kafin ya ɗaga babur.

Da turi ya isa garejin Dogo. Dogo ya dubi hannun, ya dubi guntun robar da ke lilo, ya dubi yashin da ya maƙale a sarƙa.

"Ashe gaskiya ne. An faɗa mini ban yarda ba." Ya jawo masa kujera, ya miƙa masa ruwa a buta. "Wanke ciwon. Mutumin da ya ɗinka mini rigar aurena, shi ka mayar buhun yashi? Da yana nan da sandarsa za ka sha."

Kafinta ya yi dariya kaɗan.

"Buhun bai iya kwanciya ba," in ji shi.

"Ina zai iya? Shi kansa marigayin sai da ya kusa kashe ku kafin ya koya."

Dogo ya shiga ciki ya fito da sabuwar taya, ya jingina ta da bango. Ya ɗauko sifana ya tsuguna a gefen shokazoba, ya tsaya yana jira.

"Kawo," in ji Kafinta.

Ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta ji ciwo ba. Zoben ya yi tsatsa, ya ƙi motsi. Dogo ya ɗiga masa baƙin mai. Kafinta ya sa ƙarfi, zoben ya yi ƙara ya sauko mataki ɗaya.

"Hau mu gani," in ji Dogo.

Ya hau. Babur ya ɗan nutse.

"Da saura. Ka rame da yawa."

Kafinta ya sauko, ya sake kama sifana.