Hatimin Baba Pyo

"Ku sake min igiyar nan, na ce ku sake!"

Baba Pyo yana riƙe da ƙarfen matakala da hannu ɗaya, ɗayan yana miƙawa wajen karensa. Jami'ai biyu daga ofishin gunduma sun riga sun tura karen, Nurungji, cikin keji. Tsohon ya biyo su da silifas ƙafa ɗaya, ɗayan ya bar shi a bakin ƙofa.

"Baba, ba ƙwacewa muka yi ba," in ji macen cikinsu, wata matashiya mai suna Yeo. "Killacewa ce ta kwana biyar, likita ya duba shi. Dubi haƙarƙarinsa fa."

"Je ki buɗe tukunyar can! Romon busasshen kifi ne. Sau uku nake jiƙa shi don gishirin ya fita. Kakarki ma ta san shi ke tayar da kare."

"Abincin mutane ne, Baba. A takardarmu wannan ma sakaci ne."

Ina tsaye bakin shagona na kimchi, kabejin da muke tsumawa da yaji, hannuna jajawur da barkono. Ni ce na jawo.

Shekara talatin muna maƙwabtaka a kan wannan tudu na birnin Busan a Koriya, ɗakinsa na saman shagona da matakala arba'in. Tun da matarsa Bok-sun ta rasu, shekara huɗu ke nan, daga shi sai karen suke tura amalanke suna tsintar kwali. Nurungji ya shekara goma sha huɗu, haƙoransa sun zube, ramar tsufa ce kawai. Da na ga tari ya hana tsohon saukowa, sai na buga wa gunduma waya a turo mai kula da tsofaffi. Matar ta zo, ta dube shi minti goma, ta ce za a sa sunansa a jerin jira. A hanyar fita ta ɗauki hoton karen. Taimakon kare ya iso cikin kwana uku, na mutum kuwa har yau yana hanya. Garin neman gira na rasa ido.

Washegari ya sa kwat ɗinsa ta zuwa biki zai tafi ofishin gunduma, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar matakala. A asibiti suka ce ruwa ne a huhu. Ya ciro hatiminsa na katako, wanda a nan shi ne madadin sa hannu, daga aljihu, a naɗe cikin hankici, ya danƙa min.

"Maman Jin-hui, duk inda suka ce a buga, ki buga. Ki dawo min da Nurungji."

Na rufe shago na tafi. Yeo ta miƙo min fom na alkawarin kula da dabba, ta duba kwamfuta, sai ta janye shi.

"Inna, mai karen ai Chae Bok-sun ce."

"Matarsa ce. Ta mutu."

"To ya kamata a canja sunan tun lokacin. Sai ya zo da kansa, ko wani na jininsa."

"Ba shi da kowa. Ga hatiminsa nan, ni ce maƙwabciyarsa."

"Babu gurbin maƙwabci a fom ɗin."

"To ki zana masa mana! Ba biro ne a hannunki ba?"

Ta sunkuyar da kai ta ba ni haƙuri. Haƙurin nan nata shi ya fi ƙona min rai, don da tsawa ta yi min da na sami abin ramawa.

Na koma asibiti a fusace. "Kai ma Baba, shekara huɗu ka kasa canja suna ɗaya?"

Ya daɗe yana kallon silin. "Ko'ina sun goge ta," ya ce. "Takardar gida, katin asibiti, duka. Wannan kaɗai ta rage da ke cewa tana da wani abu a duniya. Ni zan je in ce a goge?"



Na roƙi a kawo karen ko bakin ƙofar asibiti ne, ya hango shi ta taga. Yeo ta ce doka ta hana dabbar da aka killace haɗuwa da wanda ake zargi. A rana ta biyar takardar likita ta fito: ba yunwa, ba duka, ciwon ƙoda ne da tsufa. Na ce to madalla, a ba ni shi. Ina! Tunda mai shi a takarda ta mutu, yanzu kare ne marar mai shi. Sai an liƙa sanarwa kwana goma ko wani zai fito ya ce nasa ne.

"Wa zai fito?" na ce. "Bok-sun?"

"Bayan kwana goma kowa na iya ɗauka, Inna. Har ke."

"Kowa ban da wanda ya shekara goma sha huɗu yana ciyar da shi."

Kullum da rana nakan kai wa Baba kunun shinkafa. Ya daina ci, amma bai daina tambaya ba.

"Saura nawa?"

"Huɗu."

"Ba ya cin na gwangwani. Ki gaya musu."

"Na gaya musu, yana ci," na ce, alhali ko ganinsa ba a bar ni na yi ba.

Ranar da ya rage kwana uku abin ya ci ƙarfina. Na ajiye cokali na ce, "Baba, ni ce na buga wayar nan."

"Na sani," ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Wa kuma ya damu da ni da zai kira?" Ya numfasa da ƙyar. "Sau uku ake jiƙa kifin. Kar ki yi ƙiuya."

Washegari da hantsi ya cika. Ni da masu tsintar kwali biyu muka raka shi.

Da wa'adin ya cika na koma ofis. Wannan karon akwai gurbina a fom, minti biyar aka gama. Yeo ta ce, "Baba zai ji daɗi." Na gaya mata ya rasu. Ta miƙe tsaye ta rusuna, ta daɗe ba ta ɗago ba, ni kuwa na ja igiyata na fita, don in na buɗe baki ba alheri zai fito ba.

Na sauke Nurungji a bakin shagona, inda na ajiye masa romo da ɗuminsa. Ko sansanawa bai yi ba. Ya kama matakala, yana hawa yana hutawa, ina biye da shi da kwanon, hatimin yana bugun cinyata a aljihu. A bakin ƙofar ya tarar da silifas ɗin nan ƙafa ɗaya. Ya zagaya shi sau biyu, ya kwanta, ya ɗora haɓarsa a kai, fuskarsa na kallon matakala.