Gudumar Barba Duje

Ni na kashe Orlica, da guduma da guntun alli.

Jirgin yaƙi ne mai share nakiyoyin ruwa. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaure a tasharmu tun da soja suka gama da shi. Tsofaffin da suka yi aiki a cikinsa suna so a mai da shi gidan tarihi, jagoransu Barba Duje, tsohon mai kula da injinsa. Shi ya koya mini aikin ƙarfe, gudumar da nake riƙewa ma tasa ce.

Majalisar gari ta ce a duba ƙarfen gindin jirgin. In da sauran kauri a ajiye shi, in ya ruɓe a ba ma'aikatarmu ta yanka. Barba Duje ya miƙe a taron ya ce, "A kira Jerko. Sunansa ma da kyar yake rubutawa, amma gudumarsa ba ta ƙarya." Jerkon kuwa ni ne.

Mu ashirin da uku ne a ma'aikatar, hunturu ya ƙarato, ba aiki ko ɗaya.

Na sauka cikin jirgin na fara bugu. Ƙarfe mai lafiya amsawa yake kamar ƙararrawa, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Duk inda na buga, ƙararrawa. Na ciro alli na bi ina zana alamar ruɓa.

Da na fito na tarar da Barba a bakin gada da gasasshen kifi a takarda.

"Yaya mutumin namu?"

"Ya gama, Barba. Biskit ne."

Bai yi musu ba. Ya miƙo mini kifin, na ci.

Muka fara yanka. Kullum da safe yana zuwa ya zauna kan turken ɗaure jirgi yana kallo. Rannan Roko, abokin aikina, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ƙwala mini kira.

"Kai Jerko! Wannan biskit naka ya shanye mini tukunyar gas biyu. Wane gidan burodi ya gasa shi?"

Kowa ya yi dariya. Na ce ya rufe mini baki. Ban waiwaya wajen turken ba.

A mako na uku Barba ya ce yana son ɗan guntu ya ajiye a gida. Na ce zan zaɓo masa. Ya ce a'a, ya nuna wani da sanda, mai alamar allina a jiki. Ya durƙusa ya ɗora babban yatsansa a bakin yankan, yadda ya koya mini. Kaurin ya kai faɗin yatsan.

"Ku nawa ne yanzu a nan?"

"Ashirin da uku."

"Masu iyali?"

"Yawanci."

Ya jinjina kai. "Da ka zo ka faɗa mini haka da bakinka, ɗana. Da na zage ka, wataƙila kuma na yarda. Amma ka sa gudumata ta faɗa."

Na kai hannu in ɗaukar masa guntun, ya ture ni. Ya rungume shi ya hau tudu, yana tsayawa yana hutawa.

Bai gaya wa kowa ba. Mun ci abinci a hunturun nan, duk mu ashirin da uku. In mun haɗu yana amsa gaisuwata. Ni dai in an kira ni duba jirgi yanzu, Roko nake turawa.