Ƙaramar Sabar Dogo

Manhajar da kamfanin ke lissafa kayan sito da ita ta girmi rabin masu kula da ita. Waɗanda suka rubuta ta sun watse ba su bar gwaji ko ɗaya ba, wannan kuwa rashin tausaya wa na baya ne. Ba ta aiki sai a cikin sabar, wato kwamfutar da ke ɗaukar nauyinta, sabar gwaji kuwa guda ce tal a ofishin. Layi ake bi.

Gyara ɗaya ya rage wa Dogo, ɗaya daga cikin masu kula da ita: idan an dawo da kaya sito, manhajar sai ta ƙirga su sau biyu. Ya gyara, saura gwaji, wanda in ya yi daidai allo ke yin kore, amma layi ba zai zo kansa ba sai mako mai zuwa. Ga shi gobe za a yi wa mahaifiyarsa aikin ido, ya kuma yi mata alkawarin raka ta.

Shugabar sashen, wadda kowa ke ce wa Yaya Babba, ba ta kwana-kwana.

"Gwaji ya yi kore, ka tafi. Bai yi ba, kana nan."

"Yaya Babba, sabar na hannun Mai-tabarau."

Mai-tabarau, abokin teburinsa, ko ɗago kai bai yi ba. "Ni ma da ƙyar na same ta. Ka yi tsawon banza, haƙuri kaɗan."

Dogo ya ja kujera. Tunda babbar ta gagara, zai dasa ƙarama a cikin gwajin kansa, ta tashi a kwamfutarsa, ta ɗauki manhajar, ta mutu idan an gama. Karon farko ta ƙi tashi, tana neman rumbun bayanai. Ya haɗa mata na wucin gadi, ya zuba kayan ƙarya da sunayen da suka zo masa a baki. Karo na biyu ta ce ba ta san saitin manhajar ba. A nan gaggawa ta ci shi: ya kwafo fayil ɗin saitin babbar sabar ɗungurungum, bai karanta ba. Mai kwafar abin da bai karanta ba, da hannunsa yake sa kunama a aljihu.

Ta tashi. Allo ya yi kore. Dogo ya miƙe har kansa ya kusa taɓa fanka.

Bai gama murna ba sai ga mai kula da sito ya hawo bene yana haki, da takarda a hannu. A cikin saitin nan akwai adireshin firintar sito ta gaske, gwajin kuwa ya aika mata aiki.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa Yaya Babba, "firinta ta fito da wannan, mun birkice sito ba mu gani ba. Wai an dawo da Haƙurin Yaya Babba, kwali ɗaya."

Mai-tabarau ya cusa fuska cikin hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

Yaya Babba ta karɓi takardar ta duba. "Kwali ɗaya? Da manhajar jiya ce, biyu za ta rubuta. Ku daina nema, malam, ya ƙare tun safe."

Dariya ta ɓarke, har mai sito ya zauna a kan kwandon shara.

"Amma wannan koren ban karɓa ba," ta ce. "Gwajin da ke taɓa kayan gaske ba gwaji ba ne. Buɗe fayil ɗin."

Dogo ya bi shi layi-layi. Ya cire firintar ya sa ta bogi, ya kuma tarar da adireshin aika saƙo ga direbobi, ya cire yana salati. Ya sake gwadawa. Kore, sito kuma shiru.

"Sa ƙaramar sabar nan inda kowa zai ɗauka," in ji ta. "Ka gaida Mama."

Mai-tabarau ya riga ya matso da kujera. "Dogo, ɗan'uwana, nuna min kafin ka tafi."

"Yanzu na zama ɗan'uwa?"

A kan bene ya kira mahaifiyarsa. "Mama, da ni za a je."

"To madalla. Ka zo da wuri, kuma ka aske gemun nan. Ba shi nake so in fara gani ba."