Neman Kabarin Kakan Nafiou

Ni ba mai karatu ba ne. Shekara biyu na yi a lakol, makarantar boko, a Damagaram, na gudu. Taksi nake ja a Libreville yau shekara goma sha tara, kuma idan an yi rasuwa cikin mutanenmu na unguwar Nombakélé, ni da wasu mutum huɗu muke haƙa kabari. Iyakar sanina ke nan.

Nafiou abokina ne tun muna yara. Shi ya tsaya ya yi karatun, ya zama malamin makaranta, wanda a wurinmu ake kira mushe. A farkon 1995 ya sauka a wurina da jaka cike da takardu, ni kuwa ban yi masa fara'a ba.

Na ce, "Mushe, duk shekarun duniya ka rasa lokacin yawon buɗe ido sai yanzu?"

Darajar kuɗin sefa ta faɗi tun bara, shinkafa ta ninka. Hukuma ta ba baƙi marasa katin zama wa'adi su bar ƙasar, kullum ana kame. Rabin maƙwabtana sun sayar da katifunsu sun nufi bakin jirgin ruwa. Shi kuma takardar da ya shigo da ita saura kwana uku ta mutu.

Wani tsohon littafi ya zaro, an naɗe shi da fata. Waƙa ce da ajami, ta kakansa Malam Ahmadou, wanda ya zo nan fatauci a zamanin Faransa, ya rubuta duk abin da ya gani, ya rasu bai koma ba. Wanda ya binne shi ne ya kai littafin gida.

Nafiou ya ce, "Inna tana da shekara huɗu ya tafi. Yanzu ko gani ba ta yi. Cewa ta yi in zo in tsaya a kan babanta, in ce masa Rakiatou tana gaishe shi. Ɗanlaraba, da wane baki zan koma in ce mata ban same shi ba?"

Inna Rakiatou ta sha ba ni tuwo. Na ɗauki makullin mota.

Ranar farko littafin muka bi. Muka je tsohuwar tashar jiragen ruwa, ya tsaya cikin rana yana rera baitin da kakan ya ce ya ga ruwan da ba shi da ƙetare. Muka je tsohon cocin nan na kusa da teku, ya shafa bangon, ya ce, "Ka ga? Ya ambaci wannan dutsen." Idonsa har da ƙwalla. Ni bango na gani.

Na ce, "Mushe, ka gaisa da ginin mu tafi. Jandarma ba ya jin waƙa."

A hanyar Oloumi kuwa muka faɗa shingensu. Ɗaya ya juya takardar Nafiou gaba da baya, ya ɗaga yatsu biyu a gaban hancinsa, ya ce jibi in ya sake ganinsa, a bayan kamiyo, motar kwasar baƙi, zai zauna. A gefen titi ga wasu 'yan Mali a tsugune, an karɓe musu takalma.

Rana ta biyu a wurin tsofaffi ta ƙare. Mun zagaye unguwar Awendjé, mun sha shayi har cikina ya ƙulle. Kowa sai ya ce Allah ya jiƙansa, amma ba wanda ya san shi. Waɗanda suka san shi suna ƙasa tare da shi.

Rana ta uku da hantsi muka shiga tsohuwar maƙabarta. A shafin ƙarshe na littafin, wanda ya binne shi ya rubuta cewa an sa shi ƙarƙashin mangwaro, kusa da rafi. Babu mangwaro. Rafin ya zama kwata. Kaburbura ɗaruruwa, ciyawa har gwiwa, kuma mutanenmu na da ba sa rubuta suna. Tulin ƙasa ne da dutse, shi ke nan.

Nafiou ya yi ta kai da kawo da littafin a buɗe, yana duba shafi yana duba ƙasa. Wajen azahar ya zauna a kan wani kututture, ya rufe littafin.

Ya ce, "Shekara ashirin ina karanta wannan abu. Na haddace shi. Ga shi bai kai ni ko'ina ba."

Na bar shi na yi gaba. A can ƙarshen fili, wajen kwatar, na tuna wata wahala da muka taɓa sha. Shekarun baya mun zo haƙa a nan, layi ya ƙi miƙe mana, saboda wasu tsofaffin kaburbura sun gitta. Liman ya ce mana mutanen farko da suka zo, fitowar rana suke kallo su yi salla, kamar yadda suka saba a gida. Daga baya aka gane cewa a ƙasar nan alƙibla ta karkata sosai wajen arewa, aka gyara. Amma wanda aka riga aka kwantar, ba a tashinsa.

Na karɓi adda a wurin mai gadi na shiga sara. Na kira shi.

"Zo ka gani. Duk waɗancan a karkace suke, haka muke haƙawa yanzu. Waɗannan fa? Kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas sak. Haƙar 'yan gida ce, ta mutanen farko. In kakanka yana maƙabartar nan, yana cikinsu."

Bakwai ne. Sun lotsa, sai ka sa ƙafa ka ji gefensu.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Wanne ne a ciki?"

"Wannan kuma ban sani ba. Ba kuma wanda zai gaya maka."

Ya miƙo mini littafin na riƙe masa. Ya cire takalmi, ya tsaya wajen kan na farko, ya yi sallama, ya ce, "Rakiatou tana gaishe ka." Ya yi addu'a, ya matsa na biyu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai gajarta wa kowa ba. A na biyar ya kasa ci gaba, sai na matsa na ƙarasa masa addu'ar.

Da la'asar na kai shi tashar motocin da ke zuwa iyakar Kamaru. Ya riga ya zauna, ya leƙo ta taga.

"Idan ta tambaye ni ko na tabbata shi ne, me zan ce?"

Na ce, "Ka ce mata ka tsaya a kansa, ka isar da gaisuwa. Ba ƙarya ka yi ba. Ka kuma ce mata ba shi kaɗai yake kwance ba, su bakwai ne, kuma ni zan riƙa sare musu ciyawa muddin ba a kore ni ba."