Inda Muryar Rakiya Ta Ɗauke

Ni ban yarda da fim ba sai na kalle shi daga farko har ƙarshe, kasken sauraro a kunne, ƙofar biro, wato ofishinmu, a rufe. Abokan aikina a ƙungiyar majigi ta Dogon Dutsi suna ce mini Nazifa mai mugun zato, ban kuma taɓa jin haushin sunan ba. In hoto ya tsaya ko murya ta shaƙe a gaban jama'a, ba wanda zai harari na'ura, ni za a juyo a kalla.

Fim ɗin da za mu haska ran nan a Kore Mairuwa na 'yan cin-rani ne, waɗanda suka tafi aka daina jin ɗuriyarsu. Kwafin da na amince da shi, shi za a zaga da shi gari-gari har ƙetaren iyaka. Abin da ya ɓace a cikinsa ya ɓace ke nan.

Da hantsi na kunna shi a ordinatar, wato kwamfuta. Launi lafiya lau, baki da magana suna tafiya tare. Sai wajen tsakiya, wata tsohuwar Bafillatana tana zaune kusa da shanunta tana ba da labarin ɗanta, murya ta ɗauke ɗif. Leɓɓanta na motsi, kunnena ba komai. Kafin in ja numfashi maganar ta dawo. Na mayar baya, nan dai ta sake ɗaukewa.

Na san lalacewar kwafi kamar yadda na san girkina in ya kama. Takan zo da ƙara, hoto ya farfashe. Wannan kuwa tsaf take, har kukan shanun an sassauta shi a hankali don kada a lura. Aikin hannu ne.

Mutum ɗaya ke taɓa ordinatar nan bayan ni: Bilal, mai kula da lasifika. Kafin ya zo wurinmu a kasuwa yake zuba wa mutane wa'azi a waya, yana yankawa yana haɗawa, ya iya abin sarai. Tsohuwar nan, Rakiya, mahaifiyarsa ce, wanda ya ɓace kuma wansa ne.

Nan zuciyata ta fara saƙa. Me ta faɗa da ba ya so gari ya ji? Ko shi ya zuga wan nasa ya tafi? Ko ya san inda yake ya yi shiru? Na tuna yadda tun shekaranjiya yake kauce wa idona, da yadda ya nace shi zai kulle biro jiya. Mutum mai gemu da yawan salati, ashe da abin da yake binnewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don da na yarda da shi.

Na buɗe akwati na ɗauko faifan asali da aka aiko daga Yamai, na kai wurin. Rakiya ta dubi kamara ta ce, "Sunanshi Zaidu. Zaidu na Rakiya."

Shi ke nan abin da aka yanke. Nan na gane: sunan ɗan fari ne, wanda uwa ba ta faɗa don kunya. Ni ma 'yar fari ce, kuma har yau ban ji sunana a bakin uwata ba.

Na sami Bilal a tsakar gida yana naɗe waya.

"Bilal, mi ka taɓa cikin fim ɗin ga?"

Bai ɗago ba. "Kin ji dai."

"Na ji. Wa ya ba ka izini?"

"Nazifa, tun da nit tashi ban taɓa jin sunan ga bakinta ba. Yayanku taka cewa. Mai kamara ne ya matsa mata har ta suɓuce. Yau dattawan ruga na nan, surukanta na nan. In lasifika ta hwaɗi wanga suna, da wane ido za ta shiga kasuwa da ƙwaryar nono?"

Tausayinsa ya kama ni, amma ban saki ba. Wanda ya yi yanka ɗaya a ɓoye, ban san na biyunsa ba.

"Ka tambaye ta?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Uwata zan yi ma wagga magana?"

"To ni zan yi."

Muka biya ta rugarsu bayan la'asar. Bilal ya tsaya can bakin garke ya juya baya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, ki ji muryarki kafin mutane su ji." Na ɗora mata kaske a kan ɗankwali, na kunna kwafin da aka yanke, ina kallon fuskarta.

Tana gyaɗa kai har aka iso wurin. Sai ta daina. Ta zare kasken da hannu biyu.

"Ɗiyata, ina sunan?"

Na ce an cire, don a tsare mata kunya.

Ta girgiza kai. "Ba wanda ya matsa mini. Ni na ce ma yaron ya tada abin nashi. An ce hoton ga na zuwa inda ƙahwata ba ta kai. In ba suna, wa za a ce an gani?" Ta miƙo mini kasken. "Kunyar na riga na sha ta. Kada a sa in sha ta banza."

Ba ta ɗaga murya ba, amma na ga kafaɗun Bilal sun sauka. A mota na goge kwafinsa na zuba na asali, na sake bin sa kaf, don halina ne.

Bayan magariba fili ya cika. Rakiya ta zauna a cikin mata, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, amma ba ta tashi ba. Ni idona na kan hannun Bilal, wanda ke kan maɓallin murya, don har lokacin ban gama yarda da shi ba. Da aka iso wurin na ga yatsunsa sun motsa.

Ƙara muryar ya yi. Sunan Zaidu ya fita har bayan kasuwa.