Batir Ɗin Da Bai Tafasa Ba

Ranar Alhamis ce, jajiberin kasuwar Dakoro. Kwana uku ke nan hadari yana haɗuwa daga gabas ya rufe rana, ya tsaya har la'asar, sannan ya watse ba ko ɗigo. Gari ya yi gumi, mutum yana zaune riga tana manne masa a baya.

Amiru ya buɗe firigon shagonsa na ƙanƙara ya taɓa ledojin ruwa. Sanyi kawai suka yi, ba su daskare ba. Gobe makiyaya za su cika gari tun daga Birnin Lalle da Korahane, ranar da mai ƙanƙara yake ganin amfanin satinsa ke nan.

Firigon da fanon sola shida da ke bisa rufi na yayansa Jafaru ne, wanda garejinsa ke manne da shagon. Batir huɗun da ke jere ƙarƙashin tebur kuwa na Amiru ne. Babur ɗinsa na kabu-kabu ya sayar ya sayo su a Maradi, da tsofaffin masu ruwa suka mutu. Rufaffu ne, babu murfin da ake kwancewa, ba a ƙara musu ruwa. Mai sayarwa ya saita masa regilata, akwatin da ke auna musu wuta daga sola, ya ce ta nan kaɗai za su riƙa sha, a hankali, kada ƙarfin wutar ya wuce volt sha huɗu da ɗigo huɗu. In suka mutu, Amiru ba babur ba shago, sai dai ya bi motar Agadas neman aiki.

Jafaru ya shigo yana goge hannu da tsumma. Shekara ashirin yana gyaran manyan motoci, kuma duk batir ɗin da ya yi wa caji sai ya kara kunne ya ji ruwan ciki yana ɓararraka kafin ya ce ya cika. Ya durƙusa ya kara kunne a kan na farko, ya koma kan na biyu.

"Shiru kake ji kamar maƙabarta," in ji shi. "Batir ɗin ga yunwa suke ji."

"Yaya, irin nan ba su tafasa. Rana ce babu. In gari ya washe za su cika."

"In gari ya washe ranar Asabar? Ka kai ma wa ƙanƙarar, ni?"

"Mai sayarwa ya ce..."

"Mai sayarwa ya taɓa tada tirela a dajin Tarka? Kawo su gareji in ba su wuta awa biyu, ka ga aiki."

"Don Allah, Yaya, kar ka taɓa su."

Intalla, makiyayin da ke zaune a bakin ƙofa yana dafa shayi, wayarsa tana caji, ya yi dariya. "Jafaru, ko raƙumi na zamani ba ya cin abin da kakansa ya ci. Ka bar ma yaro kayanshi."

"Kai ka ji da shayinka," in ji Jafaru, ya fita.

Bayan azahar Amiru ya tura kura zuwa famfo ya ɗebo jarka shida don cika ledojin gobe. Layi ya yi tsawo, ya fi awa ɗaya da rabi. Tun daga kwanar titi ya jiyo kukan gurup ɗin gareji, injin ba da wuta, ya kuma ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya saki kurar a ƙofar shago ya ruga.

Batir uku suna ƙasa a cikin ɗakin gareji, an haɗa su da babbar na'urar cajin manyan motoci, allurarta ta kwanta can ƙarshe. Gefen biyu daga cikinsu ya kumbura kamar cikin akuyar da ta ci dawa. Na ukun, Jafaru ya sa turnabis, ƙarfen kwance ƙusa, ya ɓalle masa rufin sama, yana tsiyaya masa ruwan asid daga gora.

"Zo ka ji," in ji Jafaru, fuskarsa cike da murna. "Yanzu suka fara magana. Wanga ma a bushe yake ƙaƙas, sun cuce ka."

Amiru ya hankaɗe gorar, ya nufi wayoyin. Jafaru ya damƙo wuyan rigarsa ya maka shi da bango.

"Ni kake ture ma hannu? A garejina?"

"Babur ɗina ne kake dafawa, Yaya. Sake ni."

Mari ya sauka a kuncinsa, kunnensa ya ɗauki ƙara. Tun da aka haifi Amiru bai taɓa ɗaga wa Jafaru hannu ba. Ranar ya dunƙule ya kai masa naushi a hanci. Jini ya tsinke. Jafaru ya kalli jinin a tafinsa, ya kalli ƙanensa, ya rarumi ƙarfen kwance taya. Dukan farko ya sami kafaɗa. Na biyu ya sami baki, Amiru ya ji abu ya karye, ya tofar da jini da gutsuren haƙori. Suka sarƙe suka faɗi cikin baƙin mai, suna birgima, gwiwa a ciki, yatsu a maƙogwaro. Intalla ya shigo rawaninsa na warwarewa, ya kama Jafaru ta baya yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, uwa ɗaya ta haife ku."

Wannan riƙon ne ya ba Amiru sarari. Ya rarrafa zuwa batir ɗin. Gurup yana waje, da ya fita ya kashe shi tukuna da babu abin da zai faru. Amma idonsa a rufe yake, ya kama maƙalin wayar ya fizge, alhali wuta tana gudu. Tartsatsi ya tashi cikin iskar nan mai kama wuta da batir ɗin suka cika ɗakin da ita.

Ƙarar ta kai har bakin tasha. Wanda aka ɓalle ne ya fara tarwatsewa, na kusa da shi ya bi. Jafaru ya riga ya ƙwace daga hannun Intalla, ya sunkuyo zai janye Amiru, sai ɓaraguzan roba da asid suka same shi a fuska. Ya faɗi yana murza ido, yana kiran sunan uwarsu.

Amiru ya ja shi waje da hannu ɗaya, ɗayan ya ƙone har gwiwa. Shi da Intalla suka danne shi a ƙasa, suka buɗe masa ido da ƙarfi, suka riƙa juye masa ruwan jarka ɗaya bayan ɗaya har shidan suka ƙare. Jafaru yana shure-shure yana zaginsu duka biyu. Aka ɗora shi a motar wani maƙwabci zuwa gidan likita, daga can suka ce sai Maradi.

Da jandarma suka zo, Amiru ya ce batir ne ya fashe. Suka dubi bakinsa, suka dubi Intalla. Intalla ya ce shi shayi yake dafawa.

Ranar Juma'a gari ya washe tas, rana ta daɗe ba ta yi zafi haka ba, shagon yana kulle. Batir uku sun tafi, ɗaya ya rage ƙarƙashin tebur, ba ya iya tada firigo shi kaɗai. Haƙoran Amiru biyu na gaba su ma sun tafi, da fatar hannunsa na dama. Na'urar cajin gareji. Idon Jafaru na hagu.